Harsashin da Ya Yi Tafiya a Jikina

Ranar Laraba ce, lokacin kaka. Na dama kunu, mijina Yohanna ya sha ya ɗauki lauje ya tafi fadama yankan shinkafa. 'Yata Rahila ta kwana da zazzaɓi, ba ta yarda a ajiye ta, sai na goya ta na zauna ƙofar gida ina ɓarar gyaɗa. Ƙauyenmu yana bayan Beri. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu ba kowa a ciki.

Hantsi ya ɗaga sai na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kaji suka watse. Sai harbi, tau, tau, daga nan ya haɗe kamar ruwan sama a kan kwano.

"Ku tsaya! Wanda ya gudu ya mutu!"

Muka gudu. Na faɗa gonar dawa, ganye yana yanka mini fuska. Kafin in kai rafi wani abu ya doke ni a baya kamar an maka mini taɓarya. Na durƙusa, na tashi, na ci gaba. Rahila da take ta kuka ta yi shiru. Na ce a raina ta gane, ta san kuka zai tona mu.

Ba mu tsaya ba sai da rana ta take tsaka, a gindin wata tsamiya. Inna Hajo maƙwabciyarmu tana bayana tun daga rafi. Ita ce ta dafa ni.

"Saratu, sauke yarinyar nan."

Da fartanyar da wani ya yar a gona aka haƙa ramin. Inna Hajo ta cire mayafinta muka naɗe ta. Bayana duk jini. Kowa ya ɗauka nata ne, har da ni. Akwai ɗan rauni a ƙarƙashin kafaɗata, aka ce reshe ne ya soke ni. Ban tambaya ba. Ban damu ba.

Washegari motar gawayi ta kawo mu Kontagora. Na sauka gidan wan mijina. Yohanna ya iso daga baya, ƙafafunsa a kumbure. Shi ya gaya mini cewa jami'an tsaron da aka yi ta kira a waya tun da safe ba su shiga ƙauyen ba sai bayan la'asar, rumbuna sun zama toka. Suka ɗauki hotuna suka juya.

Raunin ya rufe da kansa. Da rani ya shigo sai ciwo ya fara. Farko a kafaɗa. Bayan wani lokaci ya sauko haƙarƙari. Daga nan ya koma kusa da ƙugu, yana sukata in na sunkuya wanki. Mai kemis ya ba ni ƙwayoyi ya ce damuwa ce. Matan gida suka ce ciwon da ke yawo ba na asibiti ba ne, iska ce ta bi ni daga daji. Yohanna ma ya ce in rage tunani. Kowa haƙuri, haƙuri. An kashe mini 'ya, an ƙone mini gida, yanzu kuma ciwon da ke jikina ma sai an gaya mini ba ya nan. Na tsani kalmar nan. Har yau.

Sai da wurin ya kumbura, ya yi zafi, zazzaɓi ya kayar da ni, sannan aka kai ni asibiti. Likitan ya duba tabon kafaɗata ya daɗe yana kallo, ya tura ni hoto. Aka ɗauki kafaɗa, ba komai. Mai hoton ya ce in tashi an gama. Na ƙi tashi. Na ɗora yatsa a ƙuguna na ce nan ne, nan za ku ɗauka. Ya yi tsaki, amma ya ɗauka.

Likita ya ɗaga hoton a gaban haske. Ga shi nan fari fat, kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce harsashi ne. Ya tsaya a cikin nama, mugunya ta taru kewaye da shi ta buɗe masa hanya, duk daka da sunkuyon da nake yi yana ƙara zamewa ƙasa. Na juya na kalli Yohanna. Ya sunkuyar da kai.

Da safe aka shiga da ni tiyata. Suka sake nemansa da na'ura don kada ya ƙara matsawa, suka zana wurin da biro, suka yi mini allurar kashe zafi. Ban yi barci ba. Ina jin ana ja, ana dannawa. Sai na ji ƙarar ƙarfe ya faɗa cikin tasa.

Da ya zo duba ɗinkin, likitan ya ce, "Baiwar Allah, da wannan ya zo da ƙarfinsa da ya fasa miki huhu. Wani abu ya tare shi kafin ya same ki. Kina ɗauke da kaya a baya ne?"

Na ce, "Goyo."

Ya gyara auduga ya fita.

Na warke. Ina sunkuyawa, ina ɗaukar ruwa. Gidanmu muka rasa, da shanun noma, da amfanin shekara guda. Rahila watanta goma sha ɗaya. Haƙoranta huɗu. Ta fara kama bango tana miƙewa, ba ta kai ga sakinsa ba.