Ruwan Wanke Hannun Auta

A gidanmu na Abaji, da an gama cin tuwo sai mu jikoki mu ruga gindin murhun Kaka, inda take gasa mana doya a garwashi. Har faɗa muke yi a kan wanda zai zauna kusa da ita, alhali mun san wurin na ƙanena Auta ne, wanda take tsokana da angonta. A shekarar nan kuwa Auta ya tayar wa kowa hankali. Ga ci kamar gara, amma kullum ramewa yake, ciki ya yi tulu, murɗa ba ta barinsa barci.

Ran nan Kaka ta ce ga ta nan, muka amsa da ƙarfi ta zo mu sha. Wai Tsutsa ce ta fita neman masauki. Ta je wurin Kaza, saura ƙiris a haɗiye ta. Ta je wurin Kifi, sanyi ya koro ta. Can sai ga wani yaro ya fito daga bayan gida ya nufi tuwo bai wanke hannu ba, ta yi wuf ta ɓoye ƙwanta a ƙarƙashin farcensa.

"Ta shiga ciki, ta shimfiɗa tabarma, ta kira dangi," in ji Kaka. "Loma ɗaya ta yaro, loma biyu ta baƙi."

Muka ɗauki amshi muna tafi muna shewa. Auta kaɗai bai yi dariya ba.

"Kaka, ai ni ina wankewa," ya ce. "Amma kafin kwanon ya iso wurina, ruwan ya zama kamar kunu."

Gaskiyarsa. A kwano ɗaya muke tsoma hannu duka, daga babba zuwa ƙarami, kuma Kaka da kanta ta kafa wannan ladabin. Doya ta ƙone a garwashi, tatsuniya ba ta kai ƙarshe ba.

Da safe ta goya shi zuwa asibiti. Malamar asibitin ta ba da ƙwayar maganin tsutsa, ta ce duk yaran gida mu sha, a yanke mana farce, mu riƙa sa takalmi, a zuba ruwa da buta a wanke hannu da sabulu. Daga ranar Kaka ta ajiye kwanon, ta koma zuba mana da buta, kuma Auta take fara zuba wa. Ranar da tsutsar ta fita, Auta ya zagaye gida da gudu yana shelar baƙin Kaka sun kwashe kayansu. Murnar da muka yi ba ta faɗuwa.

Na daɗe ina zaton darasin na yaro ƙazami ne. Sai da na haifi nawa a Lugbe na gane wuyar abin da tsohuwar ta yi: ta ji gyara daga bakin mafi ƙanƙanta, ta soke dokarta ba gardama. Auta yanzu ƙato ne, yana da shago a kasuwar Gudu. In ya zo cin abinci gidana, na ɗauko buta, har yau shi nake fara zuba wa.