Faɗan da Na Kai Jimeta

"Ina mai kulle wa yara karatu?" Da haka na faɗa ofishin makarantar a Jimeta, ko sallama ban ƙarasa ba.

Jikata Jamila ta waya take karatu. Darasi ya buɗe Litinin da safe, ya rufe da magariba, alhali ranar muna lambu a bakin kogi, inda waya ba ta kamawa. Ya sha wuce ta, har aka ce in ta sake za a cire ta.

Tun gudowarmu daga Mubi na san halin ofis: "Baba, dawo gobe." Saboda haka na tanadi faɗa.

Malamar ta ba ni kujera, na ƙi zama.

Ta ce, "Baba, yaushe take gida?"

Na ce, "Juma'a. Kuma yau ba inda za ni sai..."

"Na gyara. Zai buɗe Juma'a, ya kai har Lahadi. Da ma ba wanda ya gaya min."

Yatsa ɗaya fa ta sa a kwamfuta.

Na koma gida Vinikilang da faɗana ko taɓa shi ban yi ba. Jamila da ke rubuta min wannan sai dariya take. Jama'a, wane ofis kuke ganin zan kai shi?