Dutsen Goge Kaushi

A kasuwar Yelwa, idan ka tambayi Hajara mai albasa, sai an ce maka wacce daga ciki. Amma ka ce Hajara mai dutsen wuta, ko ɗan acaba zai kai ka rumfarta yana murmushi. Sunan tsokana ne, kuma ta fi shekara sittin tana haɗiye shi.

Mahaifinta falken albasa ne. Yakan loda kwalekwale ya bi Kwara ya gangara kudu. Wata shekara, dab da samun 'yancin kai, ya zarce har Kamaru da iyalinsa. Hajara na da shekara takwas, yayanta Dudu na da sha biyu. Suna can wani ƙaton dutse mai kai cikin gajimare ya fara aman wuta.

Baba ya kafa doka: duk wanda ya doshi wajen zai sha bulala. Ai kuwa da hantsi Dudu ya ja hannunta suka sulale, suka bi 'yan kallo.

Har yau idan tana ba da labarin sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafa. Toka na sauka a ka, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ga wani baƙin tudu mai jan ciki yana tahowa a hankali kamar talge ya tumbatsa, yana cinye gonar ayaba. Ba ta taɓa jin tsoro da daɗi lokaci ɗaya irin na ranar ba. Dudu ya sa sanda ya ɓamɓaro guntu daga gefe, ya jira ya huce, ya damƙa mata.

Da suka dawo Yauri, bakin yarinya ya kasa riƙewa. Ta zayyana komai a gaban dangi, Baba na zaune. Aka juya ga Dudu. Ya dubi Baba, ya dubi bulalar da ke rataye.

"Ni ban ga komi ba," in ji shi.

Aka kwashe da dariya. Dutse ya yi tafiya? Ta fito da shaidarta, guntun dutsen nan, baƙi, sakayau, duk huda-huda. Inna ta jujjuya shi, ta goga a diddige, ta ce wannan ai maganin kaushi ne. Shi ke nan, ya koma bayan ɗaki kusa da sabulu.

Baba ya rasu, ruwan Kainji ya shanye tsohuwar gonarsu, Inna ta bi Baba. Dudu ya zama masunci a Warra, bai kuma janye maganarsa ba. Da farko tsoro ne, daga baya kunya. Jikoki sun nuna mata irin dutsen a waya, suka ce sun yarda akwai shi. Wannan bai sanyaya mata rai ba. Ita so take wanda ya riƙe hannunta ranar ya ce tana wurin.

Bara ciwo ya kwantar da Dudu, har ya daina gane 'ya'yansa. Hajara ta rufe rumfa ta tafi jinya. Ta ga ƙafafunsa sun tsattsage, sai ta ɗebo ruwan ɗumi, ta kwance bakin zanenta ta fiddo dutsen, wanda guga ta mayar kamar ƙwan kaza. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya.

Tana cikin gogawa ya miƙo hannu. Ta ba shi dutsen, ya daɗe yana shafa shi.

"Ke Hajara, kina nan da wanga abu? Da zahi nai nib ɓamɓaro shi, ke kuwa sai kuka kike." Ya rage murya yana waige-waige. "Kak ki hwaɗa ma Baba."

Ga shaidu cike da tabarma, amma ko ɗaga kai ba ta yi ta dube su ba. Hawaye na ɗiga cikin kwano, ta jawo ɗaya ƙafar.

"Ba ni hwaɗi, Yaya," in ji ta.