Batirin da Malam Ya Bari a Akwati

Mijina malamin kimiyya ne a Gumel. Da ya yi ritaya, sai ya koma ƙera ƙananan rokoki na kwali, yana harbawa a bayan gari. In ya danna maɓallin akwatin da yake harba su da shi, batir ya zafafa siririyar waya, sai roka ta tashi.

Yakan ce mini, "Hajiya, batir ba ya kwana a akwati, zuba yake yi."

Ranar da ya sa sababbin batura zai harba wata roka, ranar Allah ya karɓe shi. Aka kulle ɗakinsa sai an raba gado. Ina takaba ina roƙon ƙannensa su buɗe mini, suka ce in yi haƙuri.

Da aka buɗe, ruwan batir ya cinye wayoyin duka. Wayyo Malam, ko mai gyaran rediyo ya kasa tayar da akwatinka.