Yadda Turare Ya Kusa Hana Malam Ɗalhatu Zuwa Farautar Gyado

Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano ta ofishin kago na Alhaji Musbahu da ke unguwar Al Khabaisi a Dubai ya san Malam Ɗalhatu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai ɗaure kwalaye a sito, wanda ba ka jin takunsa sai dai ka ji sallama a ƙeyarka.

Mutumin ƙasar Gashaka ne, ɗan maharbi. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wani babban gandun kiwon shanu inda gyado, wato aladen daji, ya addabi kowa, ya tone rogo, ya bar ramukan da ke karya ƙafar maruƙa. Sai mai gandun ya riƙa gayyato baƙi masu bindiga, Ɗalhatu ne ɗan jagora. Shi ke bin sawu, shi ke duba iska, ya kai baƙo kusa da dabba ya nuna masa da haɓa, ya koma gefe. Naman kuwa bai taɓa kai masa hannu ba, maƙwabtansu masu ci ne ke zuwa su kwashe suna godiya. Da aka sayar da gandun, wani ɗan uwansa ya nemo masa biza, ya zo Dubai ya zama mai ɗaurin kaya.

Bai taɓa yin ƙorafi ba. Amma abokan ɗakinsa a Al Muraqqabat sun san in aka kunna tashar namun daji a talabijin, shayinsa sai ya huce a hannu. Shekaru sun ja bai taka daji ba, kuma gwiwoyinsa sun fara yi masa maganar cewa lokaci na tafiya.

Ana nan sai wani abokin cinikin Alhaji Musbahu, mai gandu a Afirka ta Kudu, ya gayyace shi farautar gyado. Shi kuwa Alhaji, garin hira ya riga ya ce wa mutumin ai su gidansu farauta gado ce, alhali ko zomo bai taɓa kora ba. Ya tambayi malaminsa, aka ce kashe dabbar da ke ɓarna ba laifi in dai ba ci zai yi ba. Daga nan ya kira Ɗalhatu ofis ya rufe ƙofa. Ya ce in ya koya masa yadda ake sanɗar dabba har ya kai kusa da ita, to tare za su tafi, biza da jirgi duk a kansa. In kuma ya gagara, shi kenan, halas, zai ce wa mutumin ciwon baya ya tashi.

Ɗalhatu ya ce to, amma ranar don ɗoki sau biyu ya ɗaure kwali ɗaya.

Babu gyado a Dubai, amma akwai barewa a rairayin bayan gari, wajen Al Kudra. Ba a yarda a taɓa su ba, saboda haka wayar Alhaji ta zama bindiga: in ya ɗauki hoton barewa har ana ganin gashin idonta, ya ci jarrabawa.

Fitarsu ta farko, bayan sallar asuba, Alhaji ya zo cikin shadda mai sitaci, kowane taku sai ta yi ƙara kamar ana murza leda. Suna cikin rarrafe kuma wayar ta ɗauki kuka, wani ne daga Kantin Kwari ke tambayar ina kwantenarsa. Mako na gaba aka gyara wannan. Ɗalhatu ya zo da toka a ƙulli, ya watsa ya ga inda iska ta nufa, ya yi komai yadda ubansa ya koya masa. Amma iskar rairayi ba ta tsayawa wuri guda, da ta ɗan juya sai barewa ta ɗaga hanci tun daga nesa ta yi gaba. Haka aka yi ta yi.

Alhaji ya zauna a kan tudu yana kakkaɓe gwiwa ya ce, “Anya Malam Ɗalhatu, gyadon garinku ba masu mura ba ne?”

Ya ce saura fita ɗaya, daga ita ya haƙura.

Abin ya dami Ɗalhatu, har ya fara zargin ko tsufa ne ya kwance masa hannu. Yana cikin wannan tunani a jirgin ƙasa, zai sauka Al Rigga, sai wani tsohon Balarabe da ke kusa da shi ya shaƙi iska, ya ce masa habibi, wane irin turaren oud ne wannan, a ina ake sayarwa? Ɗalhatu ya ce shi bai taɓa sayen turare ba a rayuwarsa. Yana rufe baki ya gane. Rabin kayan da yake ɗaurewa kullum turare ne, na kwalba da na wuta, har ƙamshin ya kama jikinsa da tufafinsa, hancinsa kuma ya daina ji. Balle Alhaji, wanda matarsa Hajiya Bilqis ba ta barin ko hularsa ta fita sai ta turara ta a kan kasko. Ashe duk safiyar nan shagon turare guda ne ke rarrafe yana bin barewa.

Da ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya yi dariya har da hawaye, amma da ya ji maganin sai dariyar ta tsaya. Wanka da ruwa zalla, ba sabulu mai ƙamshi. Sabbin kaya masu araha, a kwana da su cikin buhun ciyawar raƙuma. Motar ma ba tasa ba, sai akori-kurar wani ɗan Pakistan mai kai wa dabbobi harawa. Alhaji ya ce shi fita babu turare daidai take da fita babu wando. Hajiya kuma ta aiko da saƙo cewa mijinta ba zai bi ta gaban maƙwabta yana warin garke ba, sai dai ya canja kaya a hanya. Haka kuwa aka yi, a bayan wani gidan mai.

Ranar barewa uku ne ke kiwo a gindin wata bishiya. Suka ja ciki a hankali, Ɗalhatu na gaba, gwiwarsa na zafi yana cije leɓe. Iska ta juya, ƙaramar ta ɗaga kai ta dube su, ta ci gaba da cin ciyawarta. Ɗalhatu ya nuna da haɓa. Alhaji ya ɗauki hoton, ya duba, ya sake dubawa.

Sannan ya matso ya raɗa masa, “Gobe ka zo min da fasfonka, Baba.”

Sun je, sun dawo lafiya. Alhaji ya yi harbi sau ɗaya ya sami kututture, mai gandun ya ce ai ko gwanaye na kuskure. In ka tambayi Malam Ɗalhatu labarin tafiyar, ba ya ambaton harbin. Sai ya ajiye igiyar hannunsa ya ce maka da hantsi wata uwar gyado ta gifta gabansu da 'ya'yanta a jere, kowanne ya ɗaga wutsiya sama tsaye, shi kuma ya tsaya yana kallonsu har suka shige ciyawa, bai ko taɓa Alhaji ya nuna masa ba.