Babbar Rigar Alhaji a Wajen Wasan Wuta

Sau ɗaya na taɓa zuwa kallon wasan wuta a Guangzhou, shi ma ba da son raina ba. Ni harkata takalma ce: in saya a kasuwar Zhanxi Lu, a ɗaure, in tura Kano. Da yamma sai in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa in koma ɗakina a unguwar Panyu in baje a gaban fanka, don zafin garin nan tururi ne, kamar an ɗora mutum a madambaci.

Wanda ya ja ni wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, maƙwabcina a bene ɗaya. Dattijo ne mai jiki, yana sarin labule da zannuwan gado a unguwar Liwan, kuma ya yi imani babu abin da ya shige masa duhu a ƙasar Sin. Sinancinsa kuwa bai wuce kalma uku ba: nihawu, wato sannu, da lawban, wato maigida, da meyo, wato babu. Da su yake ciniki, da su yake faɗa, da su ya taɓa yi wa wani likita bayanin ciwon baya.

Ran nan ya buga mini ƙofa. Ina buɗewa na gan shi cikin babbar riga ta farar shadda, ta sha bugu, ga hula, ga turare.

Na ce, "Alhaji, ɗaurin aure za mu?"

Ya ce, "Malam, bakin kogi za mu tahi. Yau Sinawa za su ƙona sama. Kuma mutum shina wakiltar ƙasarshi duk inda ya shiga."

Na ce na ji sai an yi rajista a waya kafin a bar mutum ya isa bakin ruwa. Ya kore maganar da hannu. Rajista ta baƙi ce, in ji shi, shi ɗan gari ne.

Muka yi magariba a shagon wani abokinsa a Liwan, muka fito. Ni Bakano ne, na san cinkoson kasuwar Kwari ana jajiberin salla, amma wannan daban ne. A Kwari ana ture ka da zagi da addu'a, ka san da mutane kake. Nan kuwa tiryan-tiryan ake tafiya, kowa da 'yar fankarsa mai batir a gaban fuska, ba mai kallon wani, amma in ka ɗaga ƙafa ba ka da ikon zaɓar inda za ka sauke ta.

A haka muka isa wani shinge. Matasa masu jajayen riguna suna duba wayoyin mutane suna barinsu wucewa. Alhaji ya gyara riga, ya yi wa ɗaya murmushi.

"Nihawu, lawban!" Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna kogi.

Saurayin ya dubi wayarsa, bai ga komai ba. Cikin ladabi ya ce, "Meyo."

Alhaji ya juyo ya kashe mini ido. "Haka suke soma ciniki. Meyon farko ba meyo ba ne. Mu yi kamar za mu tahi, yanzu za ka ji ya kira mu."

Muka juya baya muna takawa a hankali, Alhaji ya karkata kunne yana jiran kira. Babu wanda ya kira mu. Sai ma ayarin waɗanda aka koro irinmu ya kwashe mu, ya yi ta tafiya da mu har ya ajiye mu a wani titi bayan dogon gini, ƙarƙashin manyan bishiyoyi masu saiwa a rataye. A hanyar ne wani ya take mini dunduniya, takalmin dama ya fita. Na sunkuya in ɗauka, na ga in na daɗe a ƙasa ni ma binsa zan yi. Na miƙe da wari ɗaya.

Mutanen titin nan duk sun san ba za su ga komai ba, saboda haka suna neman abin kallo. Sai ga Alhaji, fari fat, yana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Wasu 'yan mata suka fara neman hoto. Ya amince, ya baza hannun riga. Kafin ka ce me, an yi layi. Wani ya tambaye ni da guntun Turanci ko sarki ne. Ban kai ga amsawa ba Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, irin na manya. Ni aka riƙa miƙo wa wayoyi in ɗauka, ina tsaye ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Wata tsohuwa ta ratso layin ta ɗora masa jikanta a hannu, jariri ɓul-ɓul mai aski tal, ta ja baya tana saita wayarta. Daidai lokacin aka saki wutar farko. Ƙasa ta amsa. Muka ɗaga kai gaba ɗaya, muka ga ganye ya yi ja, sannan ya yi kore fiye da yadda Allah ya halicce shi. Iyakar rabonmu ke nan. Wani mutum a gabana ya buɗe wayarsa inda ake nuna bikin kai tsaye, muka taru a kansa muna kallon abin da ke faruwa a bayan ginin da muke jingine da shi.

Alhaji bai yarda a yi babu shi ba. Ya ce in kira masa gida ta bidiyo, iyali su shaida. Can Maraɗi azahar ce. Mahaifiyarsa ce ta ɗauka, tsohuwa tukuf, ta kawo fuskarta dab da gilashi. Sai ga wata ƙarar, jama'a suka sa ihu.

Mahaifiyar ta ce, "Innalillahi! Yaƙi ake?"

"Biki ne, Inna! Dubi sama!"

Na ɗaga wayar, ta ga ganye da hayaƙi.

"Bikin mi ake harbi haka? Ka hito daga nan!" Sai ta ƙanƙance ido. "Tsaya. Wanga yaro da ke hannunka, ɗan wane ne?"

Alhaji ya buɗe baki, jaririn ya cafke masa gemu, sabis ya ɗauke.

Daga nan bai ƙara ɗaga kai sama ba. Ya mayar wa tsohuwa jikanta, ya ce mata meyo, ban san a kan me ba. Ana gamawa ruwa ya sauko, irin na bakin ƙwarya, shadda ta lafe masa a jiki, ba wanda ya sake neman hoto. A cikin jirgi ya yi ta danna waya yana tsaki, ni kuma fasinjoji suna satar kallon ƙafata.

Washegari da la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a bakin gado, waya a hannu, ya yi zuru-zuru. Ashe labari ya zaga dangi har Yamai, wani ƙaninsa ma ya turo barkar haihuwa.

"Malam, ga Inna. Ka gaya mata gaskiya tsakaninka da Allah."

Na gaishe ta, na yi mata bayani tun daga shinge har tsohuwa da jikanta. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "To na ji, yaro. Allah shi yi maka albarka. Kai ka yi kama da mai hankali. Mi ya kai ka bin shi?"

Na ce maƙwabtaka ce, Inna. Ta ce in ba shi wayar, ba ta gama da shi ba. Na miƙa masa, na ja masa ƙofa.