Tattabaru Biyu a Jikin Kwalba

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da aka so raba ni da tambarina. Sana'ata humra da turaren wuta, a cikin gida nake haɗawa a Yakasai, kuma duk kwalbar da ta fita daga hannuna akwai hoton tattabaru biyu a jikinta. Mata ba sa neman sunana, "na mai tattabaru" kawai suke cewa.

Rannan mai shagon da ke sarar kayana ya dawo min da su. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Dillalin da kika sallama ya ce tambarin nasa ne, har ya nemi a yi masa rajista a Abuja. Wai duk wanda ya sayar da naki, sai kotu." Innalillahi! Mutumin da ban da ɗaukar kwali ba abin da ya iya! Ga shi yana ɗura wani ruwa mai warin kananzir a kwalabe, da tattabaruna a jiki. Wallahi in tambarin ya tafi, masu sayen kayana sun tafi.

Ƙanena ya ce akwai ofishin wasu lauyoyi da aikinsu ke nan, kare tambari, har manyan kamfanoni su suke nema. Na ce, "To ni mai tukunyar turare me zai kai ni?" Da ƙyar ya ja ni.

Baristar mace ce. Ta bar ni na gama kumfar bakina, sannan ta ce, "Hajiya, ba a gama rajistar ba, za mu ƙalubalance shi. Amma ina shaidar kin riga shi?" Shaida? Ni da ko rasit ban taɓa yanka ba!

"Su wa suka fi sayen kayanki?"

"Amare mana. A unguwarmu ba a gama jere sai an jera kwalabena a gaban madubi."

Ta ajiye biro. "Ana ɗaukar hoton ɗakin?"

Ita da kanta ta zo lungunmu, ta cire takalmi, ta zauna a tabarma. Mata suka dinga shigowa da hotunan bikinsu, wasu 'ya'yansu har sun shiga sakandare, ana ta tsiya da dariyar tsohon yayi. Ga tattabaruna nan ɗaki bayan ɗaki, mai hoto ya buga shekara a ƙasa. Matan suka yi rantsuwa a rubuce, ba wadda ta noƙe.

Bayan wasu watanni ta kira ni. "Hajiya, ya janye. Da sunanki za a yi rajistar." Zama na yi daɓas a tsakar gida ina kuka, ina alhamdu lillahi.

Tun daga nan na daina raina sana'ata. Duk matar da ta zo koyon haɗa humra, kafin in nuna mata tukunya sai na ce, "Je ki yi wa tambarinki rajista tukuna, kada mai ɗaukar kwalinki ya riga ki."